MURAR TSUNTSAYE DA HALIN DA MASU KIWON KAJI KE SHIGA

Kaza ita ce dukiyar talaka ta kusa. Wanda ba shi da saniya, ba shi da tunkiya ko akuya, da wuya ka shiga gidansa ka rasa 'yan kaji suna kiwo a tsakar gida, kuma galibi na matan gidan ne. In yaro ya kwanta ciwo, ko malami ya ce a kawo kuɗin littafi, ko baƙon kunya ya sauka, akurki a ke dosa. Bayan waɗannan kuma akwai masu manyan gonakin kaji a kewayen Kano da Kaduna da Jos da Ibadan da Ikko, waɗanda ke tara kajin Turawa dubbai a ɗaki ɗaya, suna ci da ma'aikata da masu sayar da dusa da dillalan ƙwai da 'yan fige a kasuwa. Saboda haka duk abin da ya taɓa kaza ya taɓa abincin mutane masu yawa.

Nufina a wannan rubutu in bayyana wa masu karatu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis na garuruwa da ƙauyuka, labarin wata annoba da a ke kira murar tsuntsaye, da dokokin da hukuma ke kafawa in ta ɓulla, da wahalar da dokokin nan ke jawo wa masu kaji. Ku ne jama'a ke tambaya in sun ji abu a rediyo ba su fahimta ba, ya kamata kuwa wanda a ke tambaya ya kasance yana da amsa.

Mece Ce Cutar?

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, irin wadda ba a gani ko da madubin likita na kullum, danginsu ɗaya da wadda ke sa mutum mura. Tana da iri iri, likitoci sun ba kowane iri lamba. Waɗansu ba su da ƙarfi, kaza ta kan yi 'yar kasala ta warke. Amma irin da a ke kira H5N1 mugu ne ƙwarai, in ya shiga ɗakin kaji ya kan kusa share shi cikin 'yan kwanaki.

Alamunta su ne, mutum ya rufe kajinsa lafiya da magariba, gari ya waye ya tarar da waɗansu matattu. Waɗanda su ka saura sai su takure, su ƙi cin abinci, kansu ya kumbura, zankonsu ya yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa masa baba, jini ya taru a ƙarƙashin fatar ƙafafunsu, su yi ta zawo da numfashi da ƙyar. Masu ƙwai kuwa su daina, ko su riƙa yin ƙwai mai taushin ɓawo. Babu wani magani da ke warkar da kazar da ta kamu. Masu zuba wa kaji kafso a ruwa, ko barkono, ko maɗaci, ɓarnar kuɗi da lokaci kurum su ke yi.

A nan akwai abin lura. Mutanenmu sun daɗe da sanin wani ciwo da ke karkashe kaji da hunturu, wanda Turawa ke kira ciwon Nyukasil, alamunsa kuwa sun yi kama da na murar tsuntsaye har likitan dabbobi ma ba ya iya rabe su da ido, sai an kai ɗakin bincike. Wannan kamanni shi ke sa mutum ya ce ai ciwon kaji ne na kowace shekara, ya yi shiru. Ciwon Nyukasil yana da allurar rigakafi wadda a ke yi a Bom, kusa da Jos, kuma ba ya halaka mutum. Ita kuwa murar tsuntsaye tana iya kashe mai kajin kansa.

Mafarinta Da Yadda Ta Iso Mana

An fara ganin wannan iri na H5N1 a jikin dinyar gida a lardin Gwandon na ƙasar Sin cikin 1996. A 1997 ya kama mutum 18 a Honkon, 6 su ka mutu, hukumar wurin ta sa aka hallaka dukan kajin da ke garin, fiye da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Abin ya lafa, sa'an nan ya sake tashi a ƙasashen Asiya daga 2003. A 2005 tsuntsayen daji dubbai su ka mutu a tafkin Cinhai na ƙasar Sin, daga nan cutar ta yi yamma, ta ratsa Rasha da Turkiyya ta shiga Turai.

Ran 8 ga Fabrairu na shekarar 2006 ba a manta da ita ba a wurin masu kaji na ƙasar nan, gama ran nan ne aka ba da sanarwa cewa an tabbatar da cutar a wata babbar gonar kaji a Jaji, cikin Jihar Kaduna. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a dukan Afirka. Kaji wajen 40,000 su ka mutu a gonar. Tun cikin Janairu su ka soma mutuwa, amma kafin a ɗebi abin gwaji, a aika da shi har Padoba ta ƙasar Italiya, amsa ta komo, an yi kusan wata guda, cikin wannan wata kuwa motocin ƙwai da na kaji ba su daina kai da kawowa ba. Ba a jima ba sai ga ta a Kano da Filato da Bauci da Katsina, har ta gangara kudu. Kafin watan Fabrairu ya ƙare an same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, cikin Maris kuma a Marwa ta ƙasar Kamaru, a 2007 ta kai Gana.

Ta ina ta shigo? Masana da su ka bincika ƙwayoyin da aka samu a gonaki dabam dabam sun gano ba sau ɗaya ta shigo Nijeriya ba, kuma ba ta ƙofa ɗaya ba. Hanyoyi biyu a ke zargi. Ta farko ita ce tsuntsayen ruwa masu ƙaura, waɗanda ke gudo sanyin Turai su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru da bakin tafkin Cadi da rani, gama agwagwar daji ta kan ɗauki cutar ba tare da ta nuna ciwo ba. Ta biyu ita ce fataucin 'yan tsaki da ƙwai daga ƙasashen waje ba bisa ƙa'ida ba.

Daga 2006 zuwa 2008 cutar ta taɓa jihohi 25 da Abuja, aka yi hasarar tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 don yaƙi da ita. Aka sami sauƙi shekaru kaɗan, har mutane su ka saki jiki, sai ga ta kuma a Kano da Ikko cikin Janairu 2015, ɓarnar wannan karo kuwa ta fi ta farko, don tsuntsayen da aka rasa sun haura miliyan uku. Ta sake tashi a 2021, a shekarar da tsuntsayen nan kwasakwasa ɗaruruwa su ka mutu a wani gandun tsuntsaye na arewacin Sanagal. A 2024 har shanun madara ta kama a Amurka, abin da ba a taɓa gani ba. Wanda ya dubi wannan jeri ya san ba baƙuwar kwana ɗaya ba ce.

Dokokin Hani Da Dalilinsu

Dokar cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 aka sabunta ta a 2022, ta ba likitocin dabbobi na Gwamnati iko su tsare wurin da annoba ta ɓulla. In an tabbatar da murar tsuntsaye a gona, sai a rufe ta, ba shiga ba fita. A hallaka dukan tsuntsayen da ke ciki, masu ciwo da masu lafiya, a haƙa rami mai zurfi a binne su ko a ƙone, tare da ƙwai da ragowar abinci da shimfiɗar ɗaki. A fesa magani ko'ina, a bar ɗakunan ba kome har wani lokaci kafin a yarda a sake zuba kaji. A kan kuma hana fitar da kaji da ƙwai daga yankin, wani lokaci a rufe kasuwar kaji don a wanke ta, ƙasashe maƙwabta kuma su tsare iyakarsu.

Abin da ya fi ƙona wa mai kaji rai shi ne kashe masu lafiya. Ya kan ce, wannan da ke cin abincinta tana ƙwai, mene ne laifinta? Amsa ita ce, kaza ta kan ɗauki cutar ta soma zub da ita cikin kashi da majina tun ba ta nuna alama ba, wadda ka gani garau yau mai yiwuwa ne ta riga ta kamu tun jiya. Ƙwayar kuma ta kan daɗe da rai cikin kashin kaji, balle lokacin sanyi, har makonni. Don haka ba kaza kaɗai ke yaɗa ta ba. Takalmin ma'aikaci yana yaɗa ta, da tayar mota, da kejin dillali, da kwalin ƙwai da a ke yawo da shi daga wannan gona zuwa waccan, da buhun kashin kaji da a ke sayar wa masu noman rani su yi taki. Kasuwar kaji kuwa ita ce babbar mahaɗa, gama can kajin ƙauyuka goma ke kwana keji ɗaya da zabi da agwagi da tantabaru, wanda bai sami ciniki ba kuma ya koma gida da kayansa ya sake su cikin na gida.

Waɗansu sun tambaya don me ba a yi wa kaji allura kamar yadda a ke yi don Nyukasil ba. Allurar tana nan, waɗansu ƙasashe sun yi amfani da ita. Masar ta soma tun 2006, Faransa kuma ta soma yi wa agwaginta a 2023. Amma sa'ad da annobar ta zo mana, Gwamnatin Nijeriya ta zaɓi hallakawa da biyan diyya, dalilinta kuwa shi ne, allurar da ba a yi ta bisa ƙa'ida ba ta kan hana kaza mutuwa amma ba ta hana ta ɗaukar cutar ta raba wa waɗansu, sai ciwo ya ɓuya ya zauna. A Masar ɗin ma, duk da allura, cutar ta zauna shekara da shekaru.

Kukan Masu Kaji

Duk wanda zai yi wa jama'a bayanin dokokin nan, wajibi ne ya san kukansu, kukan kuwa yana da tushe. A 2006 Gwamnati ta yanka Naira 250 diyyar kowace kaza da aka hallaka, alhali kuwa kaza mai ƙwai ta fi haka tsada nesa a kasuwar lokacin. Daga baya an ƙara kuɗin, kuma jimlar abin da aka biya a wannan karo na farko ya haura Naira miliyan 600. Amma akwai wani sharaɗi da ya fi ƙarancin kuɗin ciwo, watau kazar da ma'aikatan Gwamnati su ka hallaka kaɗai a ke biya, wadda ta mutu kafin su iso ba ta cikin lissafi.

Malamin lissafi ya buga wannan misali a allo ya gani. A ce mutum yana da kaji 1,000. Ya ga mutuwa ran Litinin, ya kai rahoto nan da nan, amma kafin a zo a ɗebi gwaji, amsa ta fito, ma'aikata su sami mota da man da za su zo, an yi mako guda, kaji 700 sun mutu. Saura 300 za a rubuta masa, a kan Naira 250 ya tashi da Naira 75,000, ita ma sai bayan watanni. Maƙwabcinsa kuwa da ya ga irin wannan mutuwa bai gaya wa kowa ba, da dare ya kira dillali ya karya masa kuɗi, aka kwashe kajin aka yi kasuwa da su. A lissafin aljihu wanda ya ɓoye ya fi wanda ya faɗi gaskiya samu, a lissafin gari kuwa shi ne ya kai wuta gidan kowa. Muddin an bar lissafin nan haka, doka kome tsananinta ba za ta kama kome ba, gama hukuma ba ta da idon da za ta leƙa kowane akurki.

Sa'an nan akwai waɗanda cutar ba ta shiga gonarsu ba, amma dokar hani ta same su. Ƙwai ba ya jira, kullum kaza sai ta ci, ga shi an hana fita da kaya. Da labari ya bazu a 2006 mutane da yawa su ka ƙaurace wa naman kaza da ƙwai, ciniki ya faɗi, masu shayi da masu gasa kaji da 'yan fige duk su ka ji a jikinsu, ba kuwa wanda ya rubuta sunansu cikin takardar diyya. Tsohuwar ƙauye mai kaji bakwai ita ma haka, ba ta da rajista, ba ta san ofishin da a ke zuwa ba.

Abin da ya kamata hukuma ta yi a bayyane ya ke. A ƙidaya kajin mutum ran da ya kawo rahoto, ba ran da aka zo hallaka su ba, don kada jinkirin ofis ya zama hasararsa. A daidaita diyya da kuɗin kasuwa, a kuma biya da wuri. Kuɗin da aka kashe a kan gona ɗaya da ta faɗi gaskiya da sauri ya fi araha bisa ga wanda za a kashe a kan gonaki hamsin daga baya.

Haɗarinta Ga Mutum

Cutar ba ta cika kama mutum ba, kuma har yanzu ba ta saba tashi daga wani mutum zuwa wani ba. Amma in ta kama tana da tsanani. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 2003 zuwa 2023 an tabbatar da ita a jikin mutum fiye da 850, kimanin rabinsu kuwa sun mutu. A nan Nijeriya wata mace mai shekara 22 ta rasu da ita a Ikko cikin Janairu 2007. Yawancin waɗanda su ka kamu a duniya, wajen yanka da figar kaza marar lafiya ne, ko wasa da ita.

To, a nan ne al'adarmu ke da haɗari. Mun saba in kaza ta soma layi sai a ce a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe, a ba yara su fige. Lokacin annoba wannan tattali ba shi da amfani, araha ce wadda ba ta ado. Amma naman kaza mai lafiya da ƙwanta, in an dafa su sun nuna sosai har ciki, ba jini ba ruwa-ruwa, ba abin tsoro a cikinsu, don zafin dahuwa yana kashe ƙwayar. Wanda ya yi hulɗa da kaji matattu, sa'an nan ya ji zazzaɓi da tari, ya tafi asibiti ya gaya wa likita abin da ya taɓa.

Aikin Malamai Da Ma'aikatan Ofis

Malamin makaranta yana da hanyar da likitan dabbobi ba shi da ita, gama kowace safiya yara daga kowace unguwa suna gabansa, su ne kuma ke ba kaji dawa da ruwa, su ke fara sanin gidan da kaji ke mutuwa. Mu da ke horon malamai muna gaya musu kullum, darasin kiwon lafiya da na aikin gona da bai fita daga aji ya shiga gida ba bai yi amfani ba. A koya wa yara kada su ɗauki mataccen tsuntsu a daji ko a bakin tafki, kada su jefa mushen kaza a juji ko a kwata inda karnuka da angulaye za su ja shi, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu. A koya musu kazar da aka sayo, ko wadda ta komo daga kasuwa, a ware ta mako biyu kafin ta gamu da na gida, kuma a raba makwancin agwagi da na kaji. In makaranta tana da ɗakin kaji, ya zama abin koyi, da ruwan magani a bakin ƙofa na tsoma takalmi, da hana baƙi shiga.

Ma'aikacin ofis kuwa, ko na hakimi ko na ƙaramar hukuma, takardar rahoton mutuwar kaji ba irin wadda a ke sa wa cikin fayil a ce sai Litinin ba ce. Ran da ta zo, ran nan za ta wuce wurin likitan dabbobi, shi kuma ya aika da gwaji Bom. A rubuta sunan mai kaji da ranar da ya zo da yawan kajinsa daidai, ba ƙari ba ragi. Wanda ya cusa sunan ɗan'uwansa da ba shi da ko ɗan tsako cikin takardar diyya, ko ya nemi wani abu kafin ya rubuta sunan mai hakki, ya ci amana, ya kuma koya wa gari duka cewa kai rahoto wauta ne. Dagatai da masu unguwa da limamai su ma a sanar da su, don maganarsu ta fi takarda shiga kunnen jama'a.

Kada wani ya ce annobar dabbobi ba ta jin magani. Kakanninmu sun ga bushiya, wadda ta share garkunan Fulani wajen 1890 har waɗansu su ka rasa ko saniya ɗaya. Aka yi shekaru ana fama, ma'aikatan dabbobi na En'e suna bin ruga ruga da allurar da aka yi a Bom, makiyaya tun suna gudu da shanunsu har su ka gane su ka riƙa kawo su da kansu, a 2011 kuwa aka ba da sanarwa bushiya ta ƙare a duniya duka. Murar tsuntsaye ta fi ta wuyar kamu, tun da ya ke tsuntsun sama ba ya tsayawa a shingen kan iyaka, amma abin da ya ci bushiya shi zai rage mata ƙarfi, watau yarda tsakanin mai dabba da hukuma. Mai kaji ya faɗi gaskiya da wuri, hukuma ta biya shi hakkinsa da wuri, malami kuma ya tsaya tsakani ya fahimtar da kowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu da dukiyarmu, amin.